Wanda aka kashe ne ke fara ɓacewa: fashin baƙi kan finafinan kisan 'yan sanda

A ranar 26 ga Disamba, 1906, aka haska wani fim a birnin Melbourne na Ostireliya mai suna The Story of the Kelly Gang, wato labarin gungun Kelly, wanda masana tarihin sinima da dama ke ɗauka a matsayin dogon fim mai labari na farko a duniya, domin ya kai kimanin sa'a guda a zamanin da finafinai ba su cika wuce 'yan mintoci ba. Tauraron labarin shi ne Ned Kelly, ɗan fashin daji wanda shi da mutanensa suka harbe 'yan sanda uku a Stringybark Creek cikin watan Oktoban 1878, aka kuma rataye shi a 1880 bisa laifin kisan ɗaya daga cikinsu. Ke nan tun ranar da sinima ta koyi ba da dogon labari, jinin ɗan sanda yana cikin hajar da ta fara bajewa a kasuwa. Hukumomi ba su yi wata-wata ba: tsakanin 1911 da 1912 jihohi uku na ƙasar suka haramta finafinan 'yan fashin daji, bisa hujjar cewa suna ƙawata laifi, suna kuma mayar da 'yan sanda abin dariya. Haramcin ya gurgunta irin fim ɗin da ya fi kasuwa a ƙasar a lokacin, amma bai rage wa Kelly komai ba, don an ci gaba da maimaita labarinsa har Mick Jagger ya fito a matsayinsa a 1970, Heath Ledger kuma a 2003.

Mutanen ukun da aka kashe su ne Saje Michael Kennedy da kurata biyu, Thomas Lonigan da Michael Scanlan. Yawancin masu kallo ba za su iya kawo sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Finafinan kan gabatar da rikicin a matsayin gwagwarmayar talakawa 'yan asalin Ayalan da danniyar hukumar Turawan Ingila, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan, sai dai abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne cewa su ma 'yan sandan uku haifaffun Ayalan ne, kuma Kennedy ya bar mata da ƙananan 'ya'ya biyar. Wannan bayani yana dagula tsarin labarin, saboda haka akan tsallake shi.

A nan ne asalin matsalar take. Ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki mutum biyu ne a jiki ɗaya. Akwai mutumin da ke da uwa da mata da bashi da buri, akwai kuma kakin da ke jikinsa, wanda ke wakiltar hukuma. Mai harbi sau da yawa kakin ya harba, domin bai san mutumin ba. Hukuma kuma idan ta tashi ɗaukar fansa, mutuncin kakin take karewa. Mai shirya fim yana zuwa ne bayan waɗannan biyun, ya tarar labarin ya riga ya rabu gida biyu, sai ya zaɓi ɓangare: ko dai ya bi mai laifin ya mayar da shi ɗan tawaye mai ƙalubalantar ƙarfi, ko ya bi rundunar ya mayar da ita jaruma mai farautar mugu. A kowane ɗayan biyun, mamacin yana zama dalili ne kawai na fara labari.

Akwai kuma dalili na sana'a wanda ba ruwansa da siyasa. Kyamara tana bin mai motsi ne. Mai laifi yana da buri, yana da shiri, yana gudu, yana ɓuya, yana soyayya, yana cin amana, kuma duk waɗannan abubuwa ne da za a iya ɗauka a nuna. Kurtun da ya tsayar da mota da dare aka harbe shi ba ya samun fiye da minti ɗaya ko biyu kafin ya faɗi. Idan ɗan kallo ya shafe sa'o'i biyu yana duban fuskar mutum, yana jin numfashinsa, to zai fara tausaya masa ko da darakta bai nufi hakan ba, musamman idan an ɗauko kyakkyawan jarumi an ba shi matsayin. Masu tace finafinai na Hollywood sun fahimci wannan tun da wuri, shi ya sa ƙa'idojin da aka fi sani da sunan Hays, waɗanda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 1934, suka hana jawo tausayin masu kallo zuwa ga laifi, daga baya ma aka ƙara sharaɗin taƙaita nuna jami'in tsaro yana mutuwa a hannun mai laifi.

Lokacin da waɗannan ƙa'idoji ke shirin rushewa ne aka fitar da Bonnie and Clyde a 1967. Gungun Clyde Barrow da Bonnie Parker sun kashe jami'an tsaro aƙalla tara kafin a yi musu kwanton ɓauna a Luwiziyana ranar 23 ga Mayu, 1934, ciki har da 'yan sintirin babbar hanya biyu da aka harbe kusa da Grapevine ta jihar Teksas ranar bikin Ista na wannan shekara. A cikin fim ɗin kuwa, masoya ne biyu matasa masu kyan gani da talaucin zamani ya tura, 'yan sanda kuma wasu inuwoyi ne marasa suna da ke faɗuwa a bayan fage. Jami'in da aka ba suna, Frank Hamer, wanda ya jagoranci farautarsu, an nuna gungun sun kama shi sun wulaƙanta shi sun ɗauki hoto da shi, har ya zama kisan da ya yi musu ramuwar gayya ce ta ƙashin kansa. Wannan bai taɓa faruwa ba. Hamer ya rasu tun 1955, amma matarsa da ɗansa sun kai ƙara, kuma a 1971 kamfanin ya gwammace a sasanta a wajen kotu. Sai a 2019 aka yi wani fim, The Highwaymen, da ya juya kyamarar zuwa ɓangaren Hamer, bayan shekara hamsin da biyu ƙagaggen labarin yana zaune a kawunan mutane a matsayin tarihi. Gani ya kori ji, kuma wannan karin magana tana aiki ko da abin da aka gani ƙarya ne.

Misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, a ganina, shi ne na gonar albasa. A daren 9 ga Maris, 1963, wasu 'yan sandan Los Anjeles biyu cikin farin kaya, Ian Campbell da Karl Hettinger, suka tsayar da wata mota a unguwar Hollywood saboda ba su yarda da take-taken mutanen cikinta ba. Ɗaya daga cikin mutanen motar, Gregory Powell, ya zaro bindiga ya ɗora wa Campbell, ya umarci Hettinger ya miƙa tasa. Gaba kura, baya sayaki: idan ya ƙi, za a harbe abokin aikinsa a gabansa, idan ya miƙa, sun zama fursunoni. Ya miƙa. Powell da abokinsa Jimmy Lee Smith suka tasa ƙeyarsu zuwa wata gonar albasa kusa da Bakersfield, inda aka harbe Campbell, shi kuma Hettinger ya kutsa cikin duhu ya yi gudun kimanin mil huɗu har ya isa wani gidan gona. Abin takaicin shi ne Powell ya yi kisan ne bisa gurguwar fahimtar doka, yana zaton cewa sace mutum kaɗai ya isa a yanke masa hukuncin kisa, don haka babu abin da zai ƙara yin asara idan ya kawar da shaidu.

Da wani ne ya samu wannan labari, da harbin ne zai zama ƙololuwar fim, sai a biyo da farauta, a rufe da kamun masu laifi. Amma an kama su duka biyun cikin kwana guda, babu wata farautar a zo a gani. Joseph Wambaugh, wanda ya rubuta littafin The Onion Field a 1973 yana ɗan sanda mai ci a wannan rundunar, ya gane cewa labarin yana cikin abin da ya biyo baya. Rundunar ta ɗora wa Hettinger laifin miƙa bindiga, ta fitar da umarni cewa ɗan sanda ba ya miƙa makaminsa ko da wane hali, aka riƙa sa shi yana maimaita abin da ya faru a gaban takwarorinsa, sannan ya yi ta komawa kotu yana ba da shaida shekara da shekaru saboda ɗaukaka ƙara da sake shari'a. Mutumin ya karye. Ya shiga ƙuncin zuciya, ya fara ɗauke ƙananan kaya a shaguna ba don yana buƙatarsu ba, har aka tilasta masa ajiye aiki a 1966, ya koma aikin lambu. Su kuwa waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, babu wanda aka zartar wa: Smith ya samu ɗaurin rai-da-rai a sake shari'a, na Powell kuma ya koma ɗauri bayan da kotun ƙolin Kalifoniya ta soke hukuncin kisa a 1972. Wambaugh ya rubuta fim ɗin na 1979 da kansa, ya kuma sa kuɗinsa a ciki don kada a karkatar da shi, saboda bai ji daɗin yadda aka yi da wani littafinsa a baya ba.

Duk da wannan taka-tsantsan, abin da masu kallo da masu sharhi suka fi tunawa shi ne wasan James Woods a matsayin Powell. Ko a fim ɗin da ɗan sanda ya rubuta don a ga raunin 'yan sanda, mai kisan ne ya kwashe hasken. Ban ga wata hujja da ta fi wannan nuna cewa matsalar tana cikin yanayin sinima kanta ba, kafin a zo ga niyyar masu yin ta.

Sai dai duk wanda ya tsaya a nan ya ce maganin shi ne a riƙa ba da labarin yadda rundunar 'yan sanda ta faɗe shi, bai duba ɗaya gefen ba. Kisan ɗan sanda yana jefa hukuma cikin wani irin matsi da sauran laifuffuka ba sa kawowa: masu bincike abokan mamacin ne, manyan shaidu sau da yawa su ma 'yan sanda ne, jama'a kuma suna son a ga an hukunta wani da gaggawa. A irin wannan yanayi ne ake barin jaki a doki taiki, kuma manyan finafinai biyu sun tono hakan.

A Croydon da ke kudancin Landan, ranar 2 ga Nuwamba, 1952, aka rutsa wasu samari biyu a kan rufin wani ɗakin ajiyar kaya da suka je fasawa. Christopher Craig mai shekara 16 shi ne ke riƙe da bindiga, shi ne kuma ya harbe kurtu Sidney Miles. Derek Bentley mai shekara 19, wanda bai iya karatu ba, yake fama da farfaɗiya, kuma tunaninsa bai wuce na yaro ba, yana hannun wani ɗan sanda tun kafin a yi harbin. Shari'ar ta rataya ne a kan 'yan kalmomin da 'yan sanda suka ce Bentley ya furta, waɗanda a Turanci suke da fuska biyu, kamar dai mutum ya ce wa abokinsa “ba shi”, a rasa ko bindigar yake nufin a miƙa ko wuta yake nufin a sakar wa jami'in. Su biyun sun musanta cewa an ma faɗi kalmomin. Doka ba ta yarda a rataye ɗan shekara 16 ba, saboda haka Craig ya yi shekara goma a kurkuku ya fito, Bentley kuma aka rataye shi ranar 28 ga Janairu, 1953, duk da cewa masu taya alƙali yanke hukunci sun roƙi a yi masa sassauci. 'Yar uwarsa Iris ta shafe sama da shekara arba'in tana fafutuka. Fim ɗin Let Him Have It na 1991, wanda ya ɗauki sunansa daga waɗancan kalmomi, ya sake tayar da maganar a idon sabon ƙarni. A 1993 aka yi masa afuwa a kan hukuncin, a 1998 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke samunsa da laifi gaba ɗaya, tana mai cewa jawabin alƙalin ya hana shi shari'ar adalci. Iris ta rasu a 1997, kimanin shekara ɗaya da rabi kafin wannan rana.

Labarin Dallas ya yi kama da wannan har abin ya ba da mamaki. A Nuwamban 1976 aka harbe ɗan sanda Robert Wood lokacin da ya tsayar da wata mota da dare. Motar sata ce, kuma David Harris, shi ma ɗan shekara 16 mai tarihin aikata laifi, shi ne ya sato ta. Amma Harris ya nuna Randall Adams, wani baligi da ya rage wa hanya a ranar bayan man motarsa ya ƙare, aka kuma yanke wa Adams hukuncin kisa, har ya rage kwana uku a zartar kafin a dakatar. Errol Morris ya je Teksas ne da niyyar yin fim a kan wani likitan ƙwaƙwalwa da masu gabatar da ƙara ke kira don ya tabbatar wa kotu cewa wanda ake tuhuma zai sake kisa, sai ya ci karo da Adams. Fim ɗinsa na 1988, The Thin Blue Line, ya sa shaidun sun yi magana da bakinsu har saɓaninsu ya bayyana, ya kuma maimaita daren harbin sau da yawa, kowane karo bisa yadda wani ya ba da labari, domin mai kallo ya ga cewa ba za su iya zama gaskiya duka ba. A ƙarshensa an ji muryar Harris a kaset yana wanke Adams. An saki Adams a 1989 bayan fiye da shekara 12 a tsare, Harris kuma aka zartar masa da hukuncin kisa a 2004 saboda wani kisan daban da ya yi a 1985, lokacin da wani ke zaune a kurkuku a madadinsa.

Waɗannan finafinai biyu sun yi aikin da kotuna suka daɗe ba su yi ba, kuma babu mai hankalin da zai ce da ba a yi su ba. Amma ko a cikinsu, wane ne Sidney Miles? Wane ne Robert Wood? Wood yana faɗuwa a kan kwalta sau da dama a cikin fim guda, amma mai kallo yana tashi bai san kusan komai game da rayuwarsa ba. Kuma zaluncin da aka yi wa Adams zalunci ne a kan Wood shi ma, tunda wanda ya kashe shi ya ci gaba da yawo har ya sake kisa.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: labarin mallakar wa ne? A dokokin Amurka da Ingila, abin da ya faru a bainar jama'a kuma ya shiga kundin kotu ba mallakar kowa ba ne, sannan mamaci ba ya ƙarar ɓata suna, iyalansa ma a mafi yawan lokuta ba za su iya yi a madadinsa ba. Ma'anar wannan ita ce mai laifin da ke raye ya fi ɗan sandan da ya kashe kariya a gaban lauyoyin kamfanin fim, domin shi zai iya kai ƙara, kuma shi ne ke da bayanan da ake son saye. Jihar New York ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa a 1977 da dokar da ta hana mai laifi cin ribar labarin laifinsa, ta ce a tara kuɗin don waɗanda aka cuta, amma Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a 1991 bisa hujjar cewa ta yi faɗi har ta taka 'yancin faɗar albarkacin baki, abin da ya sa jihohi suka koma suna rubuta dokoki masu ƙaramin hurumi. Ko tsakanin mai fim da wanda ya ceto ma ba a rasa rigima: bayan fitowarsa, Adams ya kai Morris kotu a kan wanda ke da ikon sayar da tarihin rayuwarsa, suka sasanta.

Lokaci ma wani tarko ne. A Indiya, fim ɗin Batla House na 2019 ya ginu ne a kan artabun da aka yi a Delhi ranar 19 ga Satumba, 2008, inda Sufeto Mohan Chand Sharma ya rasa ransa, artabun da har yau wasu ke tantamar yadda hukuma ta bayyana shi. Mutane biyu da ake tuhuma sun garzaya babbar kotun Delhi suna neman a dakatar da fitar da fim ɗin don kada ya yi tasiri a shari'arsu, aka kuma ba da izinin haskawa bayan masu shiryawa sun amince da wasu gyare-gyare. Fim ɗin da ya fito kafin shari'a ta ƙare yana iya yanke hukunci a zukatan miliyoyin mutane. Wanda ya jira shekara hamsin kuma yakan tarar shaidu sun mutu, babu mai ƙaryata shi.

Rubutun nan da ake sawa a farkon fim, cewa an gina shi a kan labarin gaskiya, ba alƙawari ba ne na komai. A ƙarƙashinsa ake haɗa mutane da yawa a mayar da su mutum ɗaya, a matse shekaru su koma kwanaki, a ƙirƙiri maganganun da babu wanda ya ji. A fim ɗin Patriots Day na 2016, kan harin bam na gasar gudun fanfalaƙi ta Boston, an nuna kisan Sean Collier, ɗan sandan jami'ar MIT da maharan suka harbe a cikin motarsa ranar 18 ga Afrilu, 2013, da sunansa na gaskiya. Amma babban jarumin da Mark Wahlberg ya fito a matsayinsa ƙagagge ne, an ƙera shi don ya kasance a kowane muhimmin wuri. Wani jami'in na gaskiya kuwa, Dennis Simmonds, wanda ya ji rauni a musayar wuta da maharan ya kuma rasu shekara guda bayan haka, ba a ambace shi ba, lamarin da ya jawo ƙorafi. An samu gurbin wanda bai taɓa rayuwa ba, an rasa na wanda ya mutu.

Tasirin irin waɗannan finafinai yakan koma kan mutanen da ke cikinsu ta hanyoyin da ba a tsara ba. An taɓa sanya wa Gregory Powell ranar saki a 1982, amma jama'ar da suka san fuskar laifinsa ta littafi da fim suka yi ca, hukumar sakin fursunoni ta janye ranar, ya ci gaba da zama har ya mutu a kurkuku cikin watan Agustan 2012. Jimmy Lee Smith an sake shi a 1982, ya yi ta shiga da fita gidan yari har ya mutu a tsare a 2007. Hettinger ya farfaɗo daga baya, har ya zama ɗan majalisar gundumar Kern, gundumar da gonar albasar take, kafin ya rasu a 1994. Shi kuwa Ian Campbell, wanda ya mutu yana da shekara 31 ya bar 'ya'ya mata biyu ƙanana, gwanin busa algaitar Sikotlan ne, kuma a jana'izarsa aka busa ta, abin da ya zama al'adar rundunar Los Anjeles duk lokacin da aka rasa jami'i a bakin aiki. Mahaɗar titunan Gower da Carlos, inda ya tsayar da waccan mota, an raɗa mata sunansa a 2012, kwanaki kaɗan kafin mutuwar Powell, shekara 49 bayan daren da aka tafi da shi.